Ƙosan Malam Haladu a Azumin Taransifa

Azumin bana ma da zafinsa ya zo. Jiya da la'asar ina zaune gaban kasko, gumi na bin gadon bayana, sai wata budurwa ta miƙo roba ta ce ƙosan ɗari biyar. Ta danna waya, ta juyo mini da fuskar wayar na gani, ta karɓi abinta ta yi gaba, ko sannu da aiki babu. Ban ji haushinta ba, haka ciniki ya koma. Amma na daɗe ina juya ƙosai hankalina ba ya kan kaskon. Ya tafi can azumin da takardun kuɗi suka ɓace a garin nan, shekarar da na fara karɓar kuɗin ƙosai ta waya, kuma azumin ƙarshe da na yi tare da Inna.

Ni ce Saude mai ƙosai, ta gindin dalbejiya a Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda duk ya taɓa shan ruwa a layinmu ya san kaskona, in bai san ni ba to ya san faɗana. Sana'ar ta Inna ce, mahaifiyata. Da mijina ya rasu na dawo gida, ƙafafunta sun fara ciwo, sai ta miƙa mini matsami ta koma zaure tana ba da umarni.

Ina yarinya ma a irin wannan zafin muka yi azumi, kafin ya zagaya ya bi ta sanyi da damina ya sake dawo mana bazara. A wancan lokacin layinmu ba shi da shagunan nan, fili ne da awaki, kana hango motocin titin Gidan Zoo daga ƙofar gidanmu. Inna na da wata ƙwarya rufe da faifai da take ajiyewa a gefen damanta. Ba ta taɓa kuɗi in tana suya, ta ce hannun da ke cikin ƙullu ba ya taɓa abin da ya bi hannun kowa. Mai saye ne zai ɗan ɗaga faifan, ya tura hannu ya ajiye kuɗinsa, in da canji ya ɗauka da kansa. Ita kuma idonta na kan mai.

Na ɗauka tsabta ce kawai, har ranar da na ga wata mata ta tura hannu a dunƙule ta fito da shi, ban ji ƙarar ko kwabo ba. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta kai mini wani mintsini a cinya wanda har yau in na tuna sai na sosa wurin. Bayan an watse ta ce, "Ke, wa ya sa ki gadin ƙwarya? Wanda ke da shi ya sa, wanda ba shi da shi ma ya sa hannu kamar kowa ya tafi da mutuncinsa. In kika ƙara leƙe sai na fasa miki baki." Ban ƙara ba. Da sana'ar ta dawo hannuna, da ƙwaryar ta dawo.

To, sai ga shekarar nan. Wai! Allah kada ya maimaita mana. Mutum da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen kokon safe. Maza na kwana a layin cirar kuɗi su dawo hannu rabbana. Mai garuwa ya ce shi sai kuɗi a hannu, mai itacen da ke zuwa mana daga ƙauye ya ce shi bai san wani taransifa ba, har sai da muka koma ina ba shi ƙosai da koko yana sauke mini itace. Ga rana kamar a kan mutum aka hura ta. Wuta kuwa sai a ɗauke ta tun safe, a manta da mu. Da azahar mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka gyara kwanciya ya bushe ƙayau. Hadari ya taso ta gabas ya yi baƙi, kowa ya fito yana kallon sama, sai iska ta zo ta kwashe shi ta bar mu da ƙishinmu.

Aikin dai ba ya jira. Da an yi sallar asuba nake jiƙa wake. In gari ya waye in surfa a turmi, in wanke, ɓawon ya taso sama in kwashe, in sake wankewa har ya yi fari tas. Inna na zaune a tabarma da wuƙa tana yanka albasa da attaruhu, tana hawaye tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Binta, ƙanwata, ita ke biyawa da bokitin wake wurin mai inji kafin ta wuce shagon da take aiki a titin Gidan Zoo, inda ake sayar da wayoyi. Da rana in dama koko, bayan la'asar in hura wuta, in buga ƙullu har kafaɗata ta yi tsami. Ƙamshin ƙosai a hancin mai azumi kuwa, sai wanda ya soya ne ya sani. Maƙogwaro a bushe, hayaƙi a ido, abin a hannunka amma ba dama.

Kwanakin farko na soya, ƙosai ya huce a tire. Mutane su zo su tsaya, su haɗiye yawu, su ce, "Saude, kina karɓar taransifa?" In ce a'a, su wuce. Ƙwaryar Inna sai ka ɗaga ta ka ji shafal.

Binta ce ta gaji da ganina ina zuga tagumi. Ta ce, "Yaya, wallahi in ba ki bi zamani ba wake zai ƙare miki a tire. Kawo wayarki." Ta saka mini wata manhaja ta masu ƙananan sana'a, ta ɗauki hotona ina harararta, ta rubuta lambar asusun ɓaro-ɓaro a jikin kwali ta rataye a dalbejiya. Na ce oh ni Saude, yau ni ce da banki a gindin bishiya! Amma gaskiya ɗaya ce, ranar ko ɓurɓushi bai rage a tire ba. 'Yan adaidaita sahu suka yi layi, ma'aikata masu dawowa daga ofis suka tsaya, har daga Daurawa aka riƙa zuwa, don an ji akwai mai ƙosan da ke karɓa ta waya.

Sai wani ɗan iska ya nuna mini alat na bogi a wayarsa, wai ya turo kuɗi, ya tafi da ƙosai leda guda. Binta ta ji, ta ce ai da maganinsa. Ta kunna wani abu a manhajar, ta haɗa da 'yar sifika ta ɗora mini a kan benci. Daga ranar duk wanda ya tura kuɗi, wata murya ta mace za ta rangaɗa da Turanci, ta faɗi ko nawa ne, kowa na ji har tsallaken kwata. Inna ta saurara daga zaure ta ce, "Wace ce wannan mai bakin?" Muka yi mata bayani. Ta taɓe baki ta ce, "Magulmaciya dai." Sunan ya bi ta, har 'yan layi sukan ce, "Saude, Magulmaciya ba ta yi magana ba, ko sabis ne?"

Ni dai na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Ba rigimar canji, ba tsohuwar takarda mai warin kifi, mai wake ma ta waya nake biyansa. Ƙwaryar tana nan a gefen damana, amma ba mai waiwayarta sai mutum ɗaya.

Malam Haladu shi ya koyar da ni a firamare, shi ya koyar da rabin iyayen layin nan. Dogo ne, siriri, rigarsa fara ta sha wanki har ana ganin singileti ta ciki, amma kullum da karin guga. Matarsa ta rasu, ɗansa babba ya rasu ya bar masa jikoki, ga 'yar fanshon da ba ta kai ko'ina. Shekara da shekaru, duk azumi, yana zuwa dab da magariba da langarsa mai murfi. Ya yi sallama, ya tambayi jikin Inna, a zuba masa, ya tura hannu ƙarƙashin faifai, ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi. Wani lokacin akwai abu a hannun, yawanci babu. Daga ni sai Inna muka sani. Shi kaɗai ne a duniya yake kirana Saudatu, kamar yadda yake kiran suna a aji.

Ranar da abin ya fara lalacewa, ba mai mugun nufi a ciki. Malam ya tura hannu a ƙwarya kamar kullum, sai wata mata a layi, Maman Sadiya, ta zaro ido ta ce, "Lah! Malam, kai kana da kuɗi a hannu? Don Allah a ina ka samo? Ka taimaka mini da ko dubu ɗaya in tura maka, mai garuwa ya ƙi ba ni ruwa." Nan take mutum biyu suka ce su ma. Garin da ba mai ko naira a aljihu, ga tsoho yana sa hannu a ƙwarya, ai dole a kalle shi. Malam ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, "Sun ƙare, 'yata." Ya ɗauki langarsa ya tafi da sauri irin wanda ban san shi da shi ba.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Inna na tambaya daga zaure, "Haladu ya zo?" In ce a'a. Sai maƙwabciyarsa ta zo sayen koko, ta rage murya ta ce mini da garin kwaki suke shan ruwa, shi da yaran, ko sukari babu. Ranar na kasa cin ƙosan da na soya da hannuna. Na cika kwano na ba Binta ta kai masa. Ta dawo da shi yadda ta tafi da shi, ta ce ya yi godiya sosai, ya ce a kai wa mabuƙata, su alhamdu lillahi.

Na kwana ina saƙa da warwara, har na samo dabarar da na ga ba ta da makusa. Da la'asar na tare shi zai wuce masallaci, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Malam, ka guje mu. Inna na ta cigiya. Ai ko ƙaramar waya irin taka tana yi, ka zo da ita kawai." Ya dube ni, ya wuce. Na koma na zare wayar sifikar nan na cusa ta ƙarƙashin benci. 'Yan layi suka tambaya, na ce Magulmaciya ta yi mura.

Ya zo kuwa. Ina jin don Inna ya zo, don sai da ya leƙa zaure suka gaisa. Layi ya cika, rana ta yi ja, kowa leɓe a bushe ana ta duban agogo. Na karɓi langarsa na cika, na rufe. Yana tsaye da 'yar wayarsa mai madannai a hannu, yana jujjuya ta, bai danna komai ba. Ni kuma na ɗauki tawa, na ƙura mata ido kamar mai karatu, na ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji, na ce, "Ya shigo, Malam. An gode."

Kallon da ya yi mini, rabona da shi tun ina aji uku.

Ya ce, "Saudatu, ban tura komai ba. Ba ni da ma abin da zan tura." Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar mai a kasko. "Da azumi a bakinki. Ba zan ci abin da sai kin yi ƙarya zan ci ba."

Ya ajiye langar a kan benci. Ɗanlami, wani mai adaidaita sahu da ke bayansa, ya yi wuf ya ce, "Baba, bari ni in..." Malam ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya juya. Muna kallonsa har ya sha kwanar masallaci. Ƙosan da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus ban sani ba. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan mun sha ruwa na zauna gaban Inna ina kuka ina faɗa, don ni in raina ya ɓaci duka biyun nake haɗawa. Na ce, "To ni me na yi? Ba abin da kike yi ba ne shekara da shekaru?" Ta kurɓi kokonta a hankali ta ce, "A'a. Ni ban taɓa ce masa ya biya ba, ban taɓa ce masa bai biya ba. Kai kawai nake kawarwa. Ke kika buɗe baki." Na ce ai wannan abin na waya dole sai an yi magana, sai an ce ya shigo ko bai shigo ba. Ta ce, "To, ai kin gani."

Sifikar dai ban mayar ba. Binta ta yi ta mita, ta ce 'yan bogi za su cinye ni, na ce su cinye. Mai saye ya tura, in duba da idona, in gyaɗa kai, shi ke nan. Langar Malam na wanke na kife a zaure, kullum in na gifta sai na kawar da kai.

Bayan 'yan kwanaki, muna zaune a tsakar gida an idar da magariba, Binta na duba wayata kamar yadda ta saba, sai ta ce, "Yaya, kin ƙara wa ƙosai kuɗi ne?" Na ce ina fa. Ta ce, "To mutane na turo fiye da abin da suka saya. Kin ga wannan na ɗari biyar na gani a hannunsa, ɗari shida ya turo. Ga wata ma. Jiya ma haka, shekaranjiya ma. Tun ranar da Malam..." Ta ƙara duba wayar. Can ta ce, "Bari in karanto miki sunayen."

Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Kul! Kada ki karanta. Su da suka turo sun gaya miki ne?"

Binta ta kife wayar. Ni kuma sai hawaye. Mutanen nan fa, 'yan adaidaita da leburori da matan aure masu lissafin kuɗin cefane, a shekarar da kowa ke kuka da kansa. Ba wanda ya ce mini uffan, ba wanda ya kalle ni ya ƙifta ido. Su zo su yi mini tsiya a kan ƙosai ya ƙanƙance, su tura, su tafi. Daga ranar in alat ya shigo, adadin kawai nake kalla, in sa babban yatsa in rufe sunan. Har yau haka hannuna ya saba.

Da safe na bar wake a jiƙe, na yafa mayafi na tafi gidan Malam. Garin ya yi luf, daren jiya an ɗan yi yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba, sai ƙamshi kawai ya tayar. Na same shi a zaure a kan buzu yana lazimi. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Malam, na zo da magana, kuma bakina da azumi, ban manta abin da ka ce ba."

Ya ce, "Ina jin ki."

"Kuɗin ƙosanka ya shigo. Wannan karon da gaske."

Ya ajiye carbi. "Wa ya tura?"

"Ban sani ba. Inna ta hana a karanta. Ba wanda ya ce sadaka ce, ba wanda ya ambaci sunanka. Amma tun ranar da ka ajiye langa suke shigowa, kullum, kuma ni na san ba kuɗin ƙosan da na sayar ba ne. Ba zan iya ci ba, ba zan iya mayarwa ba. In ba ka zo ba, ka bar ni da haƙƙin mutane a wuya a cikin watan nan. Ka taimake ni, Malam."

Ya dubi tabarma. Daga cikin gida ina jin ƙaramar jikarsa na tari. Na jira ya ce to, ko ya ce a'a, bai ce ko ɗaya ba. Sai ya ce, "Tashi ki je, Saudatu, wakenki zai yi tsami."

Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Na zuba gishiri sau biyu a ƙullu sai da na ƙara wake. Na ɗauko langar na ajiye kusa da ni, na sake mayar da ita zaure don kada a gani, na sake ɗaukowa. La'asar ta yi sanyi, layi ya cika ya fara raguwa, ladan ya fara gwada lasifika, ni dai idona na kan kwanar masallaci. Na ware ƙosai masu zafi a gefe na rufe, Ɗanlami ya ce a sayar masa, na ce ya kiyaye ni.

Sai ga farar riga ta ɓullo. Bai yi sauri ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya yi sallama, 'yan layi suka amsa, kowa ya sami abin kallo a wayarsa. Maman Sadiya har da juya baya tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Ya leƙa zaure ya tambayi jikin Inna, ya dawo ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Saudatu, ya shigo?"

Na ce, "Ya shigo, Malam."

Na zuba masa, na miƙa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ɗaga murfin ya leƙa ciki, ya ɗan ɓata fuska. Tun da nake da mutumin nan, tun zamanin Inna, abin da aka zuba masa shi yake ɗauka, bai taɓa neman ƙari ba, don wannan sai wanda ya biya kuɗinsa. Sai ya miƙo mini langar, ya ce, "Haba Saudatu. Babu gyara?"

Na tsoma matsami cikin mai, na kwaso duk abin da ya hau, na juye masa har murfin ya ƙi rufuwa.